Huji Goma Sha Shida a Rufin Baba

Babana kafinta ne, amma in ka kawo masa kujera ya gyara maka, wallahi gara ka zauna a ƙasa. Shi aikinsa a sama yake. Shekara arba'in da ɗoriya yana rufa wa mutane gidaje, daga shi sai guduma da jakar ƙusoshi a ƙugu, har rana ta gasa masa ƙeya ta koma kamar gindin tukunya. Sunansa na yanka ba kowa ya san shi ba. Duk gari Ba-yoyo ake ce masa, tun yana ɓata rai har ya dawo yana amsawa da fara'arsa.

Ni kuwa Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma na ci moriyar sunan nan yadda ya kamata. Abin da ƙannena ba su isa su faɗa masa ba, ni sai in faɗa gatsal, ya yi dariya ya ce, "To, Uwata ta yi magana." Ya ji ɗin fa, amma yi ne ba zai yi ba. Kowa ya ce taurin kaina a wurinsa na gada, ban kuma taɓa musawa ba.

Sunan Ba-yoyo ba a banza ya same shi ba. Kwanon rufi dai kun san shi, tudu da kwari, tudu da kwari. Baba bai taɓa buga ƙusa a kwari ba, don nan ce hanyar ruwa. A tudu yake bugawa, kuma bugu uku rak: na farko ta tsaya, na biyu ta shige, na uku ta zauna. Na huɗu, in ji shi, shi ke lotsa kwano, ruwa ya samu wurin kwanciya. In kuma aka yi rashin sa'a ƙusa ta goce ba ta samu katako ba, ba ya shafa gam a ramin ya wuce kamar yadda wasu ke yi. Ɗaye kwanon yake gaba ɗaya ya sa sabo, mai gida na ihu yana cewa ɗan ramin nan fa, shi ko a jikinsa. Gam, a wurinsa, aikin wanda ba zai dawo unguwar ba ne.

Shi kuwa yana dawowa. Duk shekara, ranar da aka yi ruwan farko, da zarar an ɗauke, sai ya yi wanka ya sa farar rigarsa da hula, ya hau kekensa, ya bi gidajen da ya rufa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya aike shi, ba kuma abin da yake nema. Tsayawa kawai yake a ƙofa ya ƙwanƙwasa.

"Masu gida! Ya yi yoyo?"

"Bai yi ba, Ba-yoyo."

"Madalla."

Sai a miƙo masa ruwa a kofi, ya kurɓa a tsaye, ya wuce gaba. Da gidajen suka yi yawa, zagayen har kwana uku yake ɗaukar sa. Ya dawo da yamma ciki fal da ruwan mutane, ƙafafun wandonsa duk taɓo, Umma, wato mahaifiyarmu, ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, Kafinta. Yau randa nawa ka shanye?" Ya ce, "Ko ɗigon yoyo ɗaya babu, duk garin nan." Ya faɗa yana wani ɗaga kai kamar shi ya yi ruwan saman.

Abin haushin shi ne, mu da muke 'ya'yansa a ƙarƙashin rufin wani muka tashi. Gidan haya ne, ciki da falo, a wani dogon gida mai ƙofofi takwas a jere da famfo ɗaya a tsakiya. Har yanzu in na rufe ido ina ganin sa: labulen Umma mai furanni da rana ta cinye, ƙusar da Baba ke rataye jakarsa a bayan ƙofa, igiyar shanya da ake rigima a kanta kullum. Mun ji daɗin gidan nan, ba zan yi ƙarya ba. A nan aka yaye mu duka. Amma a nan ne kuma aka yi wa Baba abin da bai manta ba har ya koma ga Allah.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya mai gidan hayar ya sayi talabijin, ya kira wani mai kafa eriya. Mutumin nan ya rasa inda zai kafa sandarsa sai daidai saman ɗakinmu, ya huda kwano a tsakiyar kwari, ya lafta gam ya sauka. Baba ba ya nan, yana wani aiki a bayan gari. Da damina ta zo, ruwan bai zubo a inda za a gan shi ba. A hankali ya riƙa bin bango yana sauka bayan akwatin Umma, ɗigo-ɗigo, wata guda cur. A akwatin nan take ajiye zannuwa huɗu da mahaifiyarta ta bar mata, waɗanda ko ɗaurawa ba ta yi, sai dai ta fito da su ta shinshina ta mayar. Ranar da ta buɗe, funfuna ta cinye su, tana ɗagawa suna rabewa a hannunta.

Umma ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ninke su ta yi yadda suke, ta mayar. Baba kuwa ya tafi wurin mai gida ya ce a bar shi ya canza kwanon, shi zai kawo, shi zai yi aikin. Mutumin nan ya kalle shi sheƙeƙe ya ce, "Gidanka ne?" Kai! Na ga Baba ya dawo ranar kamar an zare masa laka. Ya ɗauko wata koriyar roba ya tara a wurin, ya zauna yana jin ɗigon na faɗawa, ɗis, ɗis. Can ya ce wa Umma, "Ki yi haƙuri. In Allah ya ba ni rai, sai na rufa miki ɗakin da ko ɗigo ba zai taɓa kayanki ba." Ta ce, "Allah ya nuna mana." Shekara ashirin da shida robar nan tana aiki duk damina.

Gidan ya zo, amma ya zo a makare. Fili ne ɗan ƙarami a can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Bana a ɗora bulo layi biyar, baɗi a sa taga, wata shekarar ko leƙawa ba a yi. Sai da Baba ya kai saba'in da biyu aka kai ga rufi. Lokacin ya riga ya bar hawa sama, gwiwoyi sun ƙi. Muka ce ya ba wani a cikin waɗanda ya koya wa aiki, shi ya tsaya a ƙasa ya nuna. Tabɗi! Kamar mun zage shi. Shi ya hau da kansa, sati biyu yana abin da a da yake gamawa a kwana uku, ƙusa ɗaya bugu uku. Ranar da ya gama ya sauko, ya shiga ɗakin Umma ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai yana kallon aikinsa. Suka tare a farkon rani, bayan ruwa ya ɗauke, don haka rufin bai ga damina ko ɗaya ba tukuna.

To, ga inda matsala take. Unguwar sabuwa ce, turakun wuta sun tsaya can wajen gidan mai, ba su ƙaraso ba, kuma ba wanda ya san ranar da za su ƙaraso. Umma kuwa ciwon suga ya kama ta tun muna gidan haya, kullum sai ta yi wa kanta allura, maganin kuma ba ya son zafi, a sanyi ake ajiye shi. A tsohon gida akwai firjin maƙwabciya. A nan babu maƙwabciya mai firji, babu ma wutar. Janareto kuma ba abin da za a bari a kunne wuni da kwana ba ne, ga hayaƙinsa yana tayar mata da tari.

Sai Baba ya ɗauki aikin ƙanƙara. Kullum da safe ya ɗaura kula a bayan keke, ya tafi kasuwar bakin tasha wurin mai ƙanƙara, ya dawo da dunƙule biyu, ya naɗe a tsumma, ya jera kwalaben maganin a gefe. Keken ma ba hawa yake ba, gwiwa ba ta bari, tura shi yake yana dogarawa. Na zo wata ranar hutu na gan shi tafe daga nesa, rana ta fara zafi, ya tura ya tsaya, ya tura ya tsaya. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Ban yi shawara da kowa ba sai ƙanena Auta, da ke aiki a wani gari. Ya ce in nemo mai haɗa sola, shi ya ɗauki nauyi. Na samo wani mutum mai kimanin shekara arba'in, mai ɗan tumbi da yawan fara'a, wanda ya haɗa mana a makarantar da nake koyarwa. Ya zo ya durƙusa ya gaida Baba, ya zagaya gidan, ya dubi rana, ya auna. Ya ce farantan sola huɗu sun isa: firji, fanka, ƙwan fitila a kowane ɗaki. Baba yana ta gyaɗa kai, har da tambayar yadda batir ke riƙe wuta in hadari ya rufe. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi.

Sai Baba ya ce, "To, a ina za ka ɗora su?"

"A kan rufi, Baba. Ta gefen can da rana ke wuni."

"Da me za ka kama su?"

"Ƙarfe biyu zan shimfiɗa, in ɗaure da noti. Huji goma sha shida ne kawai, kowanne da 'yar robarsa da ke toshe bakin."

Baba ya ce ba za a ajiye su a tsakar gida ba? Mai sola ya nuna masa: tsakar gidan taku shida ce, ga benen maƙwabci ya tokare ta, rana ba ta sauka sai ta sa'a biyu. Saman katanga fa? Mai sola ya ce wannan ai sadaka ce ga ɓarayi. Baba ya miƙe, ya sa aka kawo wa baƙo ruwa, ya jira ya sha, sannan ya raka shi har ƙofa yana sa masa albarka. Ya dawo ya zauna ya ce, "Ba za a huda ba."

Ranar na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Haba Baba! Huji sha shida? Kai da ka buga ƙusa ta fi dubu a rufin nan, kowacce ba rami ba ce?"

Ya ce, "Waɗannan ni na buga su."

"To, sai a bar ka kana tura keke a rana har ka faɗi a hanya?"

"Na ce miki na gaji?"

"Ba ka ce ba, amma ina da ido. Ni dai ka faɗa mini gaskiya, kwano ka fi so ko Umma?"

Da na faɗa na so in kamo maganar in haɗiye, amma ta riga ta fita. Bai yi dariya ba, bai ce Uwata ta yi magana ba. Dubana kawai ya yi, ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita. Umma ta kira ni ɗaki ta ja kunnena da gaske, kamar ba ni ce mai 'ya'ya uku ba.

"Ke, ki kiyaye ni. Kin san abin da rufin nan yake a wurinsa?"

"Umma, maganinki fa."

"Maganina yana cikin kula, lafiyarsa ƙalau. Mutumin nan shekara ashirin da shida yana jin ɗigon robar can a kunnensa. Alkawari ya yi mini, kuma ko damina ɗaya bai gani ba ya san ya cika. Ki bar masa rufinsa."

Na yi tsaki a zuciyata, na ce su biyun duk kanwar ja ce. Na tafi gidana ina huci, na yi sati biyu ban leƙo ba.

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Ana cikin haka wuta ta lalace a wajen kasuwar bakin tasha, kwana huɗu mai ƙanƙara bai da ko ɓallin ƙanƙara. Baba bai gaya wa kowa ba. Can wata kasuwa ya riƙa zuwa, a ɗaya gefen gari, yana fita da sassafe, yana dawowa rana tsaka da abin da ya rage, rabi ruwa rabi ƙanƙara. Wata ranar ma ruwan kawai ya kawo, mai ɗan sanyi-sanyi. Maganin a ido bai canza ba, Umma ta ci gaba da allurarta. Sai ta fara yawan ƙishirwa, jiki ya mutu, tana cewa zafi ne. Ranar da na huce na zo da safe, a tabarma na same ta, ina mata magana tana amsawa da ƙyar kamar daga cikin rijiya. Ni 'yasu! Ban san lokacin da na fita titi ba takalmi ina tsayar da mota ba.

A asibiti suka ce suga ya hau sosai. Wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi kwalbar maganin ta tambayi inda ake ajiye shi. Da na faɗa mata, ta girgiza kai ta ce zafi ya kashe masa ƙarfi, kwanakin nan duk kamar ruwa take yi wa kanta. A gaban Baba ta faɗa. Na so ta rage murya, amma ina, ta riga ta gama.

Muka zauna a benci a dogon barandar asibitin, ni da shi, mutane na wucewa da kwanukan abinci. Ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Na lura da ƙafafunsa, sun kumbura har sun cika takalmin. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallon sa. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri kan maganar ranar nan, sai ya riga ni.

"Uwata, huji nawa ya ce?"

"Sha shida, Baba."

"Kira shi." Ya mayar da hular kansa. "Amma ki gaya masa, ba shi zai huda ba."

Kwana biyar Umma ta yi aka sallamo ta. Washegari mai sola ya zo da kayansa tun da hantsi bai ɗaga ba. Da ya ji Baba ne zai hau, ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Baba, ka tsaya a ƙasa ka nuna mini mana. Wallahi yadda ka ce haka zan yi. Gidanmu ma ai kai ka rufa, ina yaro ni nake kawo maka ruwa in ka zo zagaye." Baba ya ce, "Gidan da ke bayan injin niƙa? Kwano talatin da takwas. Ya yi yoyo?" Ya ce bai yi ba har yau. Baba ya ce, "To, riƙe mini tsani."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mataki ɗaya, ya huta. Mataki ɗaya, ya huta. Amma yana kaiwa sama sai ya zama wani mutum. Ya riƙa taka layin ƙusoshi kamar yana tafiya a tsakar ɗakinsa, don ya san inda kowane katako ya kwanta a ƙarƙashi. Ya ɗauki alli ya zana wurare goma sha shida, duk a tudu. Mai sola ya miƙa masa injin hujin, ya nuna masa inda ake dannawa. Baba bai taɓa riƙe irinsa ba, shi ɗan guduma ne. Ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan ba ya ƙirga bugu."

Ni da Umma muna tsakar gida, muna ƙirgawa da kunne. Duk ƙara ɗaya sai in ga Umma ta runtse ido kamar ita ake hudawa. Ɗaya, biyu, har goma, tsaf. A na sha ɗaya injin ya yi wani ɗan ƙugi daban, gajere, sannan shiru. Shirun ya ɗan daɗe. Na ɗaga murya na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Aka ci gaba har sha shida. Shi ya ɗaure kowane noti da hannunsa, sannan ya bar mai sola ya jera farantansa. Da ya sauko, ƙafafunsa rawa suke kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ya dafa tsanin ya ce a kai wa wani mai buƙata, shi ya gama da shi.

Kafin la'asar firji ya fara gurnani a falo. Umma ta buɗe ta sa hannu, ta rufe, ta sake buɗewa, kamar yarinya. Fanka ta juya. Maƙwabta suka shigo kallo, aka yi ta sa albarka, Auta ya kira a waya yana ta ihun murna. Kowa na kallon firji, Baba na baranda yana kallon sama. Haka ya yi wata biyu. Ya samu hutu, kumburin ƙafa ya sauka, Umma ta murmure har ta yi kumatu, amma duk gajimaren da ya gifta sai ya bi shi da ido har ya ɓace.

Ruwan farko ya zo wata ranar Asabar bayan la'asar, ina gidan. Iska ta fara, ƙamshin ƙasa ya tashi, sai kuma ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Baba ya jawo kujerarsa ya zauna a baranda, feshi na taɓa shi. Na ce ya shigo ciki. Ya ce nan ya fi masa. Sai na gane, tsoron shiga yake, kuma ban taɓa ganin Baba yana tsoron rufinsa ba.

Na zagaya falo, ƙalau. Ɗakin baƙi, ƙalau. Madafa, ƙalau. Na shiga ɗakin Umma da murnata zan yi mata albishir, sai na gan ta a durƙushe a lungun da ke tsakanin gado da akwatinta. Ta janye akwatin gefe. A gabanta ga koriyar robar nan ta gidan haya, wadda na ɗauka an yar tun ranar tashi. Ta shimfiɗa tsumma a cikinta don kada a ji ƙara. Na ɗaga kai. Daga kusurwar silin ɗigo yake taruwa, ya yi nauyi, ya faɗo. Ba shi da yawa. In ka ƙirga goma a hankali, sai ɗaya ya sauko.

Umma ta kama hannuna ta matse, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kada ki gaya wa babanki."

"Umma, ai zai gani."

"Na ce kada ki gaya masa. Saboda ni ya huda."

Ruwa ya ɗauke kafin rana ta faɗi. Umma ta tura robar ƙarƙashin gado, ta goge wurin, ta mayar da akwati. Muna fitowa muka tarar Baba ya shiga ɗakin baƙi, inda kayansa suke. Can sai ga shi da farar rigarsa da hula, da sanda a maimakon keke. Na ce, "Baba, ina kuma za ka da wannan ƙafar? Ga taɓo." Bai kula ni ba. Ya buɗe ƙofar gida ya fita, ya jawo ta ya rufe. Muka dubi juna ni da Umma.

Sai muka ji ƙwanƙwasawa.

"Masu gida!"

Umma ta gyara mayafinta. Ta je ta buɗe firji ta zuba ruwa a kofi. Ta buɗe ƙofa. Ga shi tsaye a bakin ƙofar gidansa kamar baƙo, ya dogara da sanda.

"Masu gida, ya yi yoyo?"

"Bai yi ba, Ba-yoyo."

Ya dube ta. Na ga idonsa ya sauka kan gefen zanenta, inda ya jiƙe wajen gwiwa, ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗago ya ce, "Madalla." Ya karɓi kofin. Duk gidajen da ya zagaya a rayuwarsa kurɓa ɗaya yake yi ya miƙa, amma wannan sai da ya shanye tas. Ya ce, "Kai, ruwan gidan nan da sanyi yake." Ni dai na shige madafa na yi kukana, ban san ko na daɗi ba ne ko na baƙin ciki.

Washegari da hantsi Umma ta tafi dubiyar wata maƙwabciya da ta haihu. Tana fita Baba ya ce in kira masa mai sola, maza. Mutumin ya zo a kan babur. Baba bai ko bari ya gama gaisuwa ba.

"Na sha ɗaya. In ka ƙirgo daga gabas, layin ƙasa. Hannuna ya goce, bakin ramin ya faɗaɗa, robar ba ta zauna daidai ba. Tun ranar na sani, na ce ko Allah zai rufa asiri."

Mai sola ya ce, "To Baba, sai mu sauke farantan, a ɗaye kwanon a sa sabo, yadda kake yi. Wuni ɗaya ne."

"Wuni ɗaya firji a kashe?" Baba ya girgiza kai. "Kuma ta dawo ta ga an ɗaye kwano, ta san na gane? A'a. Kana da gam?"

Mai sola ya yi sororo. Ni ma haka. Ba-yoyo ne fa yake tambayar gam.

"Ka hau ka sa masa. Ka goge wurin ya bushe tukuna, ka cika shi sosai, kada ka yi ƙwauro."

Ya tsaya a ƙasa, hannu biyu a kan sanda, yana kallon wani mutum na tafiya a kan rufinsa. Ko gyara bai yi masa ba. Da aka gama ya juyo wurina ya ce, "Uwata, kada ki gaya wa uwarki."

Wurin bai sake ɗiga ba. Amma ya bar tabo a silin, ɗan rawaya-rawaya, bai fi tafin hannun jariri ba. Shekara biyu suka ƙara yi tare a gidan nan, suna shan ruwan sanyi, suna faɗa a kan fanka, ita ta ce a rage shi ya ce a ƙara. Kullum suna zaune a ɗakin nan, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya ɗaga kai wajen kusurwar in ɗayan yana wurin ba. Baba ya riga tafiya, Umma ta bi shi damina biyu bayan nan. Na riƙe musu amanarsu su duka biyun, yau ne na fara faɗa, kuma wallahi kewarsu nake kamar jiya aka yi.

Yanzu Auta ne a gidan da iyalinsa. Turakun wuta sun iso bara, farantan dai suna nan suna aikinsu. Kwanan baya ya kira ni ya ce zai yi fenti, har da silin ɗakin Umma, wai akwai wani tabo a kusurwa mai muni. Na ce masa ya fente gidan duka, ciki da waje, kalar da ya ga dama. Amma duk wanda ya kai buroshi kusurwar nan, ni da shi ne.